Malam Tanimu Ya Tafi Zagaye Teku

Duk wanda ya san Malam Tanimu na Gazara ya san shi da keke. To amma ku faɗa mini tsakani da Allah, sau nawa kuka gan shi a kan keken? Kullum a ƙasa yake yana turawa. Ƙa'idarsa ita ce ba ya wuce wanda ya girme shi yana bisa sirdi. Sai ya dira, ya jingina keken a ƙugunsa, ya tuɓe takalmi, ya rusuna, sannan a fara: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya muka ji da ruwa, ya ƙafar Inna, har akuyar da ta karye bara sai ya tambayi yadda ta ƙare. Kafin ya mai da ƙafa kan feda wani dattijon ya ɓullo. Shi ya sa in ya bar gida da hantsi zuwa kasuwar Makarfi, yakan isa daidai lokacin da mahauta ke wanke wuƙaƙe. In ka yi masa magana, amsarsa ɗaya ce ba ta canzawa: "Ina ake saurin zuwa?"

Ni Haruna, uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, saboda haka abokin wasana ne, kuma na mori wannan dama fiye da kima. Ya ba ni shekara goma sha ɗaya amma ban taɓa raga masa ba. Ni na kama shi wata rana a hanyar Dandamisa, ya sauka a bakin gonar shinkafa, takalmi a hannu, yana zuba gaisuwa ga wani mai babbar riga da malafa da ke tsaye a tsakiyar gona. Na bar shi ya kai har "ya yara", sannan na ce, "Tsoho, mutum-mutumi ne fa! Na korar tsuntsaye!"

Ya ƙura ido, ya ƙara ƙurawa. Ko a jikinsa.

"Na gani," in ji shi. "Amma rigar ta marigayi Alhaji Barau ce. Rigar ma ta girme ni."

Ga tattali kamar me. Ƙararrawar keken nan ta shekara talatin ba wanda ya ji muryarta, wai kada ta gaji, da baki yake cewa gafara dai, gafara dai. Birki kuwa ba ya matsa shi don kada robar ta cinye, sai dai ya ja diddige a ƙasa. Na ce masa wata rana zai ƙarar da ƙafarsa. Ya ce, "Diddige in ya cinye tsirowa yake. Ka taɓa ganin roba ta tsiro?"

To wannan bawan Allah ne ya hau keke ya tafi teku ya dawo, garin nan ya ƙi yarda da shi har shekara goma sha biyar. Ni ne kuma shugaban masu ƙin yarda. Dalilin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Abin ya faro ne a majalisarmu ta gindin durumi, bayan la'asar. Sule Direba, mai kai tumatir daga Ikara zuwa Legas, ya dawo daga tafiya yana ba mu labarin teku, ya miƙe ƙafa, ya buɗe hannuwa.

"Ruwa ne, jama'a, iya ganinka. Ba shi da tsallake."

Malam Tanimu ya ajiye raken da yake sha. "Ba shi da me?"

"Tsallake."

"Sule, ka ji tsoron Allah. Kogin Galma yana da tsallake. Kowane tafki a ƙasar nan yana da tsallake. Ruwan da ba shi da tsallake, a cikin me aka zuba shi?"

"Wallahi Malam..."

"Kada ka rantse, ƙarya kake yi."

Haka ya faɗa, gatsal, a gaban mutane. Sule ya haɗiye fushi ya ce to ga mota nan jibi, ya hau gaba a kai shi ya gani da idonsa. Malam Tanimu ya girgiza kai.

"Mota ba ta tsayawa a gaisa. Ina da abin hawana."

Muka yi dariya muka watse, mun ɗauka magana ta mutu. Ashe! Ana gama matsar rake sai ga shi ya ɗaure buhun mazarƙwaila a kariya, da ƙullin ƙuli-ƙuli, da buta, da tabarma, da famfo, da kwalbar sholisho. Matarsa Inna Kande ta biyo shi har zaure.

"Malam, sai yaushe?"

"In na ga tsallaken na dawo. Yara su kula da gona."

Shekara ɗaya da wata huɗu! Damina guda cur ta wuce ba shi ba labarinsa. Har an fara raɗe-raɗin ko a yi masa sallar da ake yi wa wanda ya mutu a nesa, sai ga shi wata Talata ya ɓullo ta hanyar Kudan, ya yi baƙi, ya rame, gemu har ƙirji, yana tura keke. Bai shiga gidansa ba. Kai tsaye ƙofar gidan Sule ya nufa, mu kuma muka bi shi ɗuu.

"Sule," ya ce, "na ƙaryata ka a gaban jama'a, na zo in ba ka haƙuri a gaban jama'a. Ba shi da tsallake. Na duba."

Yadda ya duba ɗin ne abin ji. Ya ce da ya isa bakin ruwan a Badagiri, yamma da Legas, ya hanga bai ga komai ba, sai ya yi abin da duk mai hankali yake yi in ya tarar da tafki ba kwalekwale: ya ɗauki gefe, zai zagaya. Ya sa ruwan a hannun hagu ya yi ta tafiya, da niyyar in ya kai inda ya ƙare sai ya karya ya leƙa ɗaya ɓangaren. Haka ya wuce Kwatano, ya wuce Wida, ya wuce Lome, ya shiga Gana, ya ratsa Ankara, har wani tsohon gari na masunta da ake kira Elmina. Kowane gari ya isa sai ya nemi zangon Hausawa ya tambaya, "Saura nawa a kai ƙarshensa?" Su kuma su ce, "Ƙarshen me?"

Aka tambaye shi yadda ya ƙetare iyakoki ba takarda. Ya ce shi bai ga wata wahala ba. Yana zuwa sai ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya bi ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa, ya aiki, ya rana, ya mutanen gida, ya aka ji da tsayuwa. Kafin ya kai na huɗu layi ya taru a bayansa, motoci na ta ham, sai babbansu ya ɗaga hannu ya ce don Allah Baba wuce.

Aka ce to ya garuruwan, an ce suna da kyau? Ya taɓe baki.

"Yashi ne zalla. Ko gero ba zai yi ba. Itacen kwakwa dogo ba inuwa. Mutane kuma su tuɓe riga su kwanta a rana da gangan, ba zazzaɓi ba komai."

Abin da ya fi ba shi haushi su ne Turawa masu keke. Ya ce ya haɗu da wasu mata da miji, sun taso daga ƙasarsu wai yawon ganin duniya, da wando matsattse kamar an zuba su a ciki, da hular kwano, keken kowannensu ya sha jakunkuna. Kowace safiya su wuce shi fuu, kai a sunkuye.

"Mutum ya bar uwarsa da ubansa don ya ga duniya, sai ya ƙare da kallon tayar gaba! Ba sallama, ba sannu. Da yamma in tarar da su a gefen hanya taya ta sace, suna duba littafi. Sau uku ina yi musu faci. Na ukun na ba su mazarƙwaila, matar ta ce a wane kanti ake samu."

Wuri ɗaya ne in ya zo kansa ba ya wasa. Ya ce akwai wasu manyan gine-gine farare a bakin ruwan, na zamanin da, inda aka riƙa tara mutane a ɗakunan ƙasa kafin a loda su a jirgi. Ya shiga ɗaya, aka nuna masa wata 'yar ƙofa da ke fuskantar ruwa. Ya ce da ya fito bai iya cin abinci ba ran nan, ya zauna ya yi wa mutanen addu'a, ko da bai san sunan ko ɗaya ba. In ya faɗi wannan sai wani a majalisa ya yi tari, a koma tsokana.

Don kuwa ba mu yarda ba. Hoto? Babu. Wai wani ya ce zai ɗauke shi a bakin ruwa, ya ce masa, "Na san fuskata, ruwan kuma na gan shi." Shaidarsa ɗaya ita ce 'yar jarka da ya cika da ruwan teku. Aka miƙa wa Sule, a matsayinsa na masani. Sule kuwa, daga baya na gane, iyakar saninsa da teku hango shi daga kan gada yana tuƙi, kuma in labarin Malam Tanimu ya tabbata, to sarautarsa ta mai yawon duniya a gindin durumi ta ƙare. Ya kurɓa, ya tofar.

"Gishirin kasuwa ne a ruwan rijiya."

Shi ke nan, aka samu abin yi. Ni na ƙirƙiro cewa bai wuce Zariya ba, faci ya zauna yi a bakin tasha har gemu ya fito. Ni na laƙa masa Alhajin Teku, sunan ya bi gari har mata a gidan biki suna faɗa. Yana ji sai ya yi murmushi ya ce, "Haruna, bakinka zai kai ka inda keke bai kai ni ba." Na ɗauka duk wasa ne, irin wanda muka saba tun muna yara.

Ranar da na san ba wasa ba ne, ana shari'ar iyakar gona a ƙofar gidan mai unguwa. Maƙwabta biyu ke jayayya, kuma duk garin nan Malam Tanimu kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga lokacin da aka dasa itacen iyakar. Aka kira shi. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya buɗe baki ke nan sai wani daga baya ya ce, "Alhajin Teku ne shaida? To ashe gonar ma sai an zagaya ta shekara guda!" Wuri ya kaure da dariya. Mai unguwa da kansa yana danne tasa ya ce, "Malam Tanimu, koma ka zauna, a nemo wani."

Bai koma ya zauna ba. Ya sa takalminsa, ya hau keke, ya taka ya wuce ta gaban dattawan garin nan kaf, liman da mai unguwa da kowa, bai sauka ba. Ban taɓa ganin haka ba, kuma ban sake gani ba. Na so in bi shi, amma girman kai ya hana ni. Daga ranar ya daina zama a majalisa, daga gona sai masallaci sai gida.

Shekaru suka tafi a haka. Sai Allah ya yi 'yata Rabi ta auri wani ɗan kasuwa da ke zaune a Ankara, ta haihu, aka matsa sai na je suna. Na je a mota, kwana biyu ina zaune har ƙafafuna suka kumbura. Bayan suna surukina ya ce bari ya kai ni in ga wuraren tarihi, muka tafi Elmina. Na ga ruwan, jama'a, na kuma ga farin ginin, daidai yadda Malam Tanimu ya faɗa mana. Azahar ta yi muka shiga masallacin zango. Bayan sallama wani dattijo da ke kusa da ni ya ji harshena ya ce daga ina?

Na ce, "Makarfi, ƙasar Zazzau."

Sai ya dafa kafaɗar na kusa da shi. "Kun ji! Garin mai rake!" Sahu guda ya fashe da dariya.

Na ce wane mai rake? Dattijon ya gyara zama. Na ce dakata Baba, na ciro waya na danna ɗaukar murya, don jikina ya ba ni.

Ya ce shekarun baya wani Bazazzagi ya zo musu a kan baƙin keke, mai yawan gaisuwa, ya sauka a zauren liman wata biyu. Kullum ya je bakin ruwa ya tsaya yana girgiza kai, yana cewa wannan asara har ina, ruwa iya ruwa ba wanda ya yi noman rani. Rannan sai ya shiga kasuwa ya sayo rake, ya yayyanka gaɓa-gaɓa, ya ari fartanya, ya ja kunya goma sha biyu a cikin yashi, ya dasa. Safe da yamma yana ɗibar ruwan teku da bokiti yana ba shi. Masunta suka taru suka ce Baba, ruwan nan gishiri ne, zai ƙone shi. Ya ce musu, "Ni za ku koya wa rake? A cikin rake aka yanke mini cibiya! Ɗan gishiri ai ƙara masa ɗanɗano zai yi." Sati uku, ko tsiro ɗaya. Ya tona ya ga duk sun yi baƙi sun ruɓe. Ya ce irin ne ba shi da kyau. Washegari bayan asuba ya yi sallama da kowa gida-gida, ya juya kan kekensa gabas. Har yau, in ji dattijon, wurin sunansa Gonar Bazazzagi, nan masunta ke shanya taru.

Mu kuwa Malam Tanimu ce mana ya yi taya ce ta gaji shi ya sa ya juyo!

Na yi dariya har da hawaye, daga baya na lura hawayen sun ƙi tsayawa bayan dariyar ta ƙare. Ina dawowa gida ban ko huta ba na sami Malam Tanimu a gona yana ɗaure rake. Na kunna masa. Ya saurara tun daga farko har ƙarshe, igiya a hannu.

"Malam Isa ne wannan," ya ce. "Yana nan da rai ashe. Ya ƙafarsa?"

"Tsoho, bar maganar ƙafa! Ga shaida ta samu. Yau ɗin nan zan kunna a gindin durumi, kowa ya ji kunya, har da ni."

Ya kama hannuna ya matse. "Ba za ka kunna ba."

"Don me?"

"Haruna, maƙaryaci ana gaisawa da shi a kasuwa. Amma manomin rake ɗan Makarfi da ya ba rake ruwan gishiri? Jikokina ma ba za su samu mata ba. Rantse."

Na yi magiya, na yi faɗa, ya kafe. Na rantse. Ya dai yarda in faɗa da baki cewa ya je, ban da zancen gona. Da la'asar na miƙe a majalisa na ce, "Jama'a, na je na gani, Malam Tanimu gaskiya ya faɗa, ya kai Elmina a kan keke." Kun san abin da ya faru, da yawanku kuna wurin. Aka kwashe da dariya har wani na faɗowa daga benci. Sule ya ce, "Kai Haruna ba ka da dama! Wannan sabon salo ne?" Na rantse, aka ƙara dariya. Shekara da shekaru ina tsokanarsa, ranar da na zo da gaskiya ba wanda ya iya bambanta ta da tsokana. Na koma na gaya masa. Ya ce, "Ka ji yadda take ko?"

Da ciwon ajalinsa ya kwantar da shi bana, na je duba shi da hantsi. Ya rame ƙwarai, muryar ta yi ƙasa. Na zauna a bakin tabarma na rasa ta inda zan fara, ni da ban taɓa rasa abin faɗa masa ba. Daga ƙarshe na ce, "Yaya Tanimu, ka yafe mini." Ban taɓa kiransa Yaya ba sai ran nan.

Ya buɗe ido ɗaya. "Lallai na kusa, tunda Haruna ya yi ladabi." Ya numfasa. "Muryar Malam Isa tana nan a wayar?"

"Tana nan."

"Na yafe wa kowa. Kai kuwa sai ka kunna musu, bayan an kai ni makwancina. Su yi dariyarsu, ba na nan balle in ji. Amma kada a bar yarana da sunan 'ya'yan maƙaryaci."

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa, na miƙe a ƙofar gidansa na ce ina da saƙo daga mamaci. Na ɗaga waya sama na kunna. Da aka zo wurin kunya goma sha biyu a cikin yashi mutane suka fara toshe baki da hula, da aka zo cibiya kuwa liman kansa sai da ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Muryar ta ƙare, dariyar ta bi ta a hankali. Sule ya tashi ya koma bayan katanga. Mai unguwa, wanda tsufa ya kama shi har sai an riƙe shi, ya ce a ɗaga shi tsaye. Ya dubi 'ya'yan Malam Tanimu su biyar da ke jere a kan tabarma, ya ce, "Ubanku bai taɓa yi mana ƙarya ba. Mu ne muka zalunce shi. Ku yafe mana." Babban ya rufe fuska da hannun riga.

Ku da ba ku samu zuwa ba, na rubuta muku ne don ku ma ku sani, kuma wannan karon ba wasa nake yi ba. Ya je. Na ga wurin da idona.

Allah ya jiƙan Malam Tanimu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya karɓi shaidarsa a inda ba a yi wa mai gaskiya dariya. Mu da muka ci haƙƙinsa da bakinmu, Allah ya yafe mana. Amin.